Numfashin Allah da Alƙalamin Mutum

Gardamar da malaman Kirista suka shafe kusan shekara dubu biyu suna yi a kan asalin Littafi Mai Tsarki tana kewaya wata kalma ce ta Helenanci wadda sau ɗaya tak ta fito a Sabon Alkawari. Kalmar ita ce theopneustos, tana cikin wasiƙa ta biyu zuwa ga Timoti, sura 3 aya 16, kuma an ƙera ta daga sunan Allah da kalmar da ke nufin busa ko numfasawa. Masu fassara zuwa Hausa sun zaɓa mata “hurarre”, kuma sun yi dace, domin Bahaushe ya san hura wuta, ya san garwashi kan kama idan iska ta shige shi alhali yana nan a garwashinsa. Ayar ta tabbatar da cewa nassi daga Allah yake, yana kuma da amfani wajen koyarwa da gyaran hali. Amma ko da wasa ba ta taɓo yadda hurawar ta auku ba. Shin shifta aka yi wa marubutan, kalma bayan kalma? Ko ma'ana aka cusa musu suka nemi lafazi da kansu? Ko suna cikin aikinsu ne Ruhu ke bi da su ba su ankara ba? A wannan giɓi aka gina tarihin aƙidar gaba ɗaya. Abin da na fahimta daga tarihin shi ne, imanin cewa littafin na Allah ne ya daɗe bai motsa ba, bayaninsa ne aka yi ta ƙerawa ana warwarewa, kuma duk sa'ad da ikkilisiya ta karkata zuwa ga ra'ayin shifta, littafin da kansa ne ke janyo ta baya, saboda hannun ɗan Adam a bayyane yake a shafukansa.

A gidan Yahudawa Kiristoci suka tarar da wannan imani. Annabawan Isra'ila sukan tsaya gaban sarki ko a ƙofar Haikali su ce saƙon da ke bakinsu na Ubangiji ne, kuma akwai wuri guda da aka nuna dalla-dalla yadda irin wannan saƙo ya zama littafi. Sura ta 36 ta littafin Irmiya ta ce a shekara ta huɗu ta sarautar Yehoyakim, wajen 605 kafin haihuwar Almasihu, annabin ya kira magatakardansa Baruk, yana faɗa shi kuma yana rubutawa a naɗaɗɗen littafi. Lokacin da littafin ya isa gaban sarki ana sanyi, yana zaune kusa da kaskon wuta. Da an karanta shafi uku ko huɗu sai ya sa wuƙar fiƙe alƙalami ya yanke ya jefa a wuta, har ya ƙone shi kaf. Irmiya ya sake kiran Baruk suka rubuta wani, kuma surar da bakinta ta ce an yi ƙari mai yawa a kan na farkon. To ga shifta nan, amma daga bakin annabi zuwa hannun magatakarda, ga kuma sabon kwafi da ya ɗara tsohon tsawo. Sai dai babban kaso na Tsohon Alkawari bai yi kama da wannan ba. A Zabura galibi mutum ne ke kai kuka ga Allah. Karin Magana hikimar fada da ta gida ce aka tattara. Marubutan littattafan Sarakuna kuwa sukan tura mai karatu ga kundin tarihin fada in yana son ƙarin bayani. Matakin da Yahudawa suka ɗauka a hankali shi ne yafa wa duka waɗannan rubuce-rubuce rigar annabci, ta yadda a ƙarshen ƙarni na farko masanin tarihi Josephus yake cewa littattafan al'ummarsa ashirin da biyu ne, kuma ta hannun annabawa suka zo.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka fara ƙoƙarin bayyana yadda abin ke faruwa a cikin annabin shi ne Philo, Bayahuden Iskandariya da ya yi zamani da Almasihu, wanda ya ƙoshi da falsafar Helenawa. A ganinsa hankalin annabi kan faɗi kamar rana idan hasken Allah ya keto, sai mutum ya zama abin kiɗa a hannun wani. Bai tsaya nan ba, ya ce fassarar Attaura zuwa Helenanci da aka yi a garinsu tun ƙarni na 3 kafin Almasihu ita ma da hurawa aka yi ta, domin a cewarsa masu fassarar sun dace a kan kalmomi iri ɗaya kamar wani ɓoyayye ne ke raɗa musu. Wannan fassara, wadda ake kira Septuagint saboda labarin dattawa saba'in da biyu da aka ce su suka yi ta, ita ce littafin da Kiristocin farko suka fi karantawa. Saboda haka tun ranar farko ikkilisiya ta saba da jin maganar Allah a harshen da ba shi aka fara rubuta ta da shi ba. Yesu ma Aramiyanci yake yi da almajiransa, amma da Helenanci aka rubuta Linjila, in ban da 'yan kalmomi irin su Abba da aka bari yadda suka fito daga bakinsa.

Marubutan Sabon Alkawari ba su ɓoye yadda suke aiki ba. Luka ya buɗe littafinsa da bayanin cewa wasu da yawa sun riga shi rubutu, shi kuma ya bi diddigin labarin daga waɗanda suka gani da ido, ya tsara shi daki-daki don wani mutum mai suna Tiyofilas. Bulus, a wasiƙarsa ta farko ga Korintiyawa, ya lissafa mutanen da ya yi wa baftisma, ya tuna ya manta da wani gida ya ƙara, sannan ya ce bai tuna ko akwai saura ba. A sura ta 7 ya rarrabe tsakanin abin da yake da umarnin Ubangiji a kai da abin da yake shawararsa ce. Wasiƙar Romawa wani Tartiyas ne ya riƙe alƙalami, har ya soka tasa gaisuwar. Ita kanta wasiƙar da ta ƙunshi kalmar “hurarre” ta ƙare da saƙon a taho wa marubucin da mayafin da ya bari a Taruwasa da littattafansa. Nassin da ayar ke nufi kuma shi ne wanda Timoti ya sani tun yana yaro, wato littattafan Yahudawa, domin a lokacin ba a tattara Sabon Alkawari ba. Wasiƙar Bitrus ta biyu ce ta ɗan ƙara haske: ta ce mutane ne suka yi magana, Ruhu Mai Tsarki na ɗauke da su, da kalmar da littafin Ayyukan Manzanni ya yi amfani da ita ga jirgin ruwan da iska ke korawa. Ita ce kuma ta ambaci wasiƙun Bulus a sahu ɗaya da sauran nassosi.

A ƙarni na 2 ra'ayin Philo ya samu shiga. Wajen shekara ta 177 wani malami a Atina mai suna Athenagoras ya rubuta wa sarkin Rum cewa Ruhu ya yi aiki da annabawa yadda mabushi ke busa sarewa. Kwatancin yana da daɗin ji, sai dai ba a daɗe ba aka ga inda zai kai. A ƙasar Firijiya, cikin Turkiyya ta yau, wani mai suna Montanus da mata biyu, Priscilla da Maximilla, suka tashi suna annabci cikin gushewar hankali, irin yanayin da Bahaushe zai ce an hau mutum, suna cewa su molo ne kawai, Ruhu ke kaɗawa. Bishop-bishop suka ƙi, kuma hujjar da suka kafa ta zama gado: annabin gaskiya ba ya fita hayyacinsa. A cikin wannan ƙarni wani mai suna Marcion ya zo Roma yana cewa Allahn Tsohon Alkawari dabam yake da Uban Yesu, ya watsar da littattafan Yahudawa, ya riƙe Linjilar Luka da ya yi wa kwaskwarima da wasiƙun Bulus goma. An kore shi daga ikkilisiya wajen 144, kuma martanin da aka mayar masa shi ne cewa Ruhu ɗaya ne ya hure alkawuran biyu, maganar da ta shiga shaidar bangaskiya ta 381, inda aka ce Ruhu ne ya yi magana ta bakin annabawa. Akwai kuma Tatian, wanda ya ga Linjila huɗu suna saɓawa a tsari da lafazi, sai ya narka su ya fitar da guda ɗaya sumul. Majami'un Suriya sun yi amfani da ita kusan ƙarni uku, amma a ƙarni na 5 aka janye ta, har wani bishop, Theodoret, ya ce ya kwashe kwafi sama da 200 daga majami'unsa ya mayar da huɗun. A ganina wannan hukunci ya fi kowace sanarwa bayyana aƙidar: an miƙa wa ikkilisiya murya ɗaya marar karo, ta zaɓi shaidu huɗu da bambance-bambancensu. Jerin littattafai 27 na Sabon Alkawari kamar yadda yake yau ya fito cikakke a wasiƙar Athanasius na Iskandariya a 367.

Manyan malaman waɗannan ƙarnoni sun san wuraren da nassi ke da ƙulli fiye da yawancin masu sukarsa na yau. Origen, wanda ya rasu a tsakiyar ƙarni na 3, ya jera Tsohon Alkawari a layi shida, Ibrananci da fassarori, don ya ga inda suka rabu, kuma shi ne ya tambaya yadda za a yi safiya da maraice a kwana ukun farko na halitta alhali sai rana ta huɗu aka yi rana. Amsarsa ita ce Ruhu da gangan ya dasa abin tuntuɓe don mai karatu ya haƙa ya kai ga ma'ana ta ciki. John Chrysostom kuwa cewa ya yi Allah kan sunkuyo ya yi magana daidai wayon masu sauraro, kuma ƙananan saɓanin Linjila shaida ce cewa marubutan ba su haɗa baki ba. Amma inda abin ya fi armashi shi ne musayar wasiƙu tsakanin Jerome, wanda ke zaune a Baitalami yana fassara Tsohon Alkawari zuwa Latin kai tsaye daga Ibrananci, da Augustine, bishop na Hippo a Aljeriya ta yau. A 403 Augustine ya rubuta masa labarin abin da ya faru a garin Oea, wato Tarabulus ta Libiya. Bishop na garin ya sa an karanta sabuwar fassarar littafin Yunusa, da aka zo kan tsiron da ya yi wa annabin inuwa, jama'a suka ji an ambaci wata ciyawa mai hawa bango maimakon duman da suka saba ji tun kakanni. Majami'a ta kaure da hayaniya, har bishop ya ga in bai koma ga tsohuwar kalma ba zai wayi gari ba mabiya. Augustine yana ganin Septuagint hurarriya ce, bai ga dalilin taɓa ta ba, Jerome kuwa ya tsaya a kan cewa gaskiyar tana ga Ibrananci. A cikin wannan musaya ne Augustine ya kafa ƙa'idar da ta yi mulki shekara dubu: idan ya ci karo da abin da ya yi kama da kuskure a nassi, to ko mai kwafa ne ya yi tuntuɓe, ko mai fassara, ko shi ne bai gane ba.

Aya guda za ta nuna yadda ƙa'idar ke aiki idan an matsa ta. Matiyu 27:9, a labarin azurfa talatin na Yahuza, ya jingina wani annabci ga Irmiya, alhali lafazin ya fi kusa da abin da ke littafin Zakariya sura 11. Augustine ya san wasu kwafe-kwafe ba su da sunan, kuma da ya so da ya fake da su. Ya ƙi, yana cewa yawancin kwafe-kwafe suna da shi, kuma ba mai kwafar da zai ƙara sunan da zai jawo matsala, sai dai ya cire. Ya yarda mai yiwuwa sunan Irmiya ne ya faɗo wa Matiyu a rai maimakon na Zakariya, amma ya ce Ruhu ya bar shi haka don a san annabawa duk bakinsu ɗaya. Mutum na iya ƙin gamsuwa da wannan amsa, amma ba zai ce malamin ya runtse ido ba. Bayansa Paparoma Gregory Babba ya ce tambayar wa ya rubuta littafin Ayuba kamar mutum ne ya samu wasiƙar babban mutum ya tsaya binciken da wane alƙalami aka rubuta ta. Thomas Aquinas a ƙarni na 13 ya daidaita lamarin da cewa Allah ne marubuci na asali, mutum kuma kayan aiki, sai dai kowane kayan aiki da irin nasa yankan, zarto ba ya sara irin ta gatari. A tsawon wannan zamani ba a cika zafafa gardamar ba, domin nassi bai tsaya shi kaɗai ba, yana jingine da ikkilisiya da koyarwar magabata.

Gyaran ikkilisiya na ƙarni na 16 ne ya cire majinginar. Da Martin Luther ya tsaya a Worms a 1521 ya ƙi janye maganarsa sai an kawo masa hujja daga nassi ko daga hankali bayyananne, nauyin da paparoma da majalisu ke taya ɗauka ya koma kan littafin. Duk da haka mutanen farko na gyaran suna da sakin jiki da nassi. Luther ya raina wasiƙar Yakubu, ya kwatanta ta da tattaka, ya tura ta ƙarshen fassararsa ta Jamusanci ta 1522 tare da wasu uku. John Calvin ya ce Allah kan yi mana gwaranci yadda mai reno ke yi wa jariri, da ya zo kan Matiyu 27:9 kuwa ya ce bai san yadda sunan Irmiya ya shigo ba, bai kuma damu ba, a fili yake kuskure ne aka sa shi. Majalisar Katolika ta Trent ta mayar da martani a 1546: ta ɗora koyarwar da aka gada a kan daraja ɗaya da nassi, ta tabbatar da ƙarin littattafan da Furotesta suka ware, ta kuma amince da fassarar Latin a matsayin abin dogaro. Malaman Katolika suka riƙa tsokanar abokan gardamarsu da cewa littafin da kuke taƙama da shi, wa ya tabbatar muku da lafazinsa in ba ikkilisiya ba? Jikokin masu gyara suka ga ba mafita sai su yi wa kowane harafi katanga, kuma a nan ne ra'ayin shifta ya kai ƙololuwa. Johann Quenstedt na Wittenberg, a babban littafinsa na 1685, ya mai da marubutan hannuwa da alƙaluman Ruhu, har ya ce ba a samun gurguwar nahawu a Helenancin Sabon Alkawari.

Duk wanda ya yi makarantar allo, ya wuce babbaƙu ya shiga farfaru, zai gane rikicin da ya biyo baya nan take. Ibrananci, kamar Larabci da ajami, da baƙaƙe ake rubuta shi, wasulan ɗige-ɗige ne da 'yan layuka a ƙasa da saman harafi. Wani malamin Yahudawa, Elias Levita, ya nuna a 1538 cewa waɗannan wasula ba su kai shekarun baƙaƙen ba, malaman Tibariya ne suka sa su ɗaruruwan shekaru bayan Almasihu. Louis Cappel, Bafaranshe ɗan Furotesta, ya ƙarfafa hujjar a 1624. Malaman Basel, Buxtorf uba da ɗa, suka tayar da jijiyar wuya, domin in wasulan aikin mutane ne, kuma canjin wasali na canja ma'ana, ina hurarriyar kalmar take? A 1675 majami'un Suwizalan suka fitar da wata takardar aƙida da ta ce Ibranancin hurarre ne baƙaƙensa da wasulansa, ko dai ɗigon kansa ko ƙarfin da yake wakilta. Cikin kimanin shekara hamsin aka jingine takardar, domin Cappel ne ke da gaskiya, kuma yau ba malamin da ke musun haka. A 1707 John Mill na Oxford ya buga Sabon Alkawari na Helenanci bayan aikin shekara talatin, da bambance-bambancen kwafi kusan 30,000. Daga baya daɗaɗɗun takardu da aka tono a jujin tsoffin garuruwan Masar, rasiɗai da wasiƙun talakawa, suka nuna cewa Helenancin manzanni shi ne na kasuwa da cikin gida.

Ƙarni na 19 ya zo da tambayoyi masu nauyi, kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka fi girgiza Ingila daga Afirka ta taso. John Colenso, bishop na Natal, yana fassara littafin Farawa zuwa harshen Zulu, sai mataimakinsa William Ngidi ya tambaye shi ko da gaske ya yarda duk dabbobin duniya sun shiga jirgin Nuhu. Colenso, wanda masanin lissafi ne, ya koma ya auna alƙaluman littattafan Musa, ya buga sakamakon a 1862, aka yi yunƙurin tuɓe shi. A Jamus Julius Wellhausen ya fito a 1878 da bayanin cewa Attaura haɗin tsoffin rubuce-rubuce ne na zamuna dabam-dabam. Amsa mafi tasiri daga ɓangaren masu riƙon gargajiya ta fito daga malamai biyu na Amurka, A. A. Hodge da B. B. Warfield, a 1881. Sun ce hurawa ta game kowace kalma kuma ba kuskure, amma sun nesanta kansu daga shifta: Allah ya shirya marubucin tun daga haihuwa da tarbiyya, ta yadda abin da ya rubuta da son ransa shi ne abin da Allah ke so. Sun kuma taƙaita rashin kuskuren ga rubutun asali da ya fito daga hannun marubuci. Ikkilisiyar Katolika ta Roma ta bi tata hanyar a hankali. Paparoma Leo na 13 ya tsaya kan rashin kuskure a 1893, Pius na 12 ya buɗe ƙofar nazarin salon rubutun mutanen dā a 1943, sannan a majalisar Vatican ta biyu Kadinal Franz König na Vienna ya miƙe a 1964 ya karanto wuraren da ke da matsala, cikinsu har da Matiyu 27:9. Takardar da aka zartar ranar 18 ga Nuwamba 1965, da ƙuri'a 2,344 a kan 6, ta kira mutanen marubuta na haƙiƙa, ta kuma ce nassi na koyar da gaskiyar da Allah ya so a ajiye don ceton mutane ba tare da kuskure ba.

Mai suka zai ce wannan duk ja da baya ne aka yi wa ado, kimiyya ta kori malamai daga wani tudu sun koma wani. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin ba don Cappel da Mill da ire-irensu ba da wasu ba su sauko ba. Amma tarihin bai goyi bayan zargin gaba ɗaya ba. Maganar cewa Allah na sunkuyowa daidai fahimtar mutane ta girmi masanin kimiyya Darwin da shekara dubu da ɗari huɗu da ɗoriya, kuma tsattsauran ra'ayin shifta har kan wasali shi ne baƙo, ɗan ƙarni na 17, wanda gardamar Katolika da Furotesta ta haifa. Suka ta biyu ta fi cizo: rubutun asalin da Hodge da Warfield suka rataya rashin kuskure a kansa babu shi a hannun kowa, don haka da'awar ba ta gwaduwa. Magoya bayansu kan amsa cewa kwafin Helenanci sama da 5,000 da ake da su sun isa a gano lafazin asali a kusan ko'ina, kuma haka ne. Sai dai littafin Irmiya ya dagula lissafin, domin na Septuagint ya gaza na Ibrananci da kusan kashi ɗaya cikin takwas, kuma a kogunan Qumran, inda aka fara gano tsoffin littattafai a 1947, an samu gutsattsarin Ibrananci na gajeren da na dogon duka. Wanne ne na asali, ga littafin da shi da kansa ya ce an sake rubuta shi da ƙari? A nan ina ganin matsayin bai da amsa mai gamsarwa. Suka ta uku ita ce littafi ba ya zama shaidar kansa. Calvin ya riga ya amsa cewa tabbacin daga shaidar Ruhu a zuciyar mai karatu yake zuwa, wanda ke nufin maganar ta bangaskiya ce, masanin tarihi ba shi da ma'aunin da zai tabbatar ko ya rushe ta. Abin lura shi ne ko sanarwar Chicago ta 1978, wadda malaman bishara sama da 200 suka sa wa hannu don kare rashin kuskure, ta ce Allah bai danne halin marubutan ba, kuma yadda hurawar ta auku galibinsa asiri ne.

Wannan tarihi yana da amfani na musamman a ƙasar Hausa, inda Musulmi da Kirista ke amfani da kalmomi iri ɗaya, wahayi da nassi da annabi, kowa da abin da yake nufi. A aƙidar Musulunci Alƙur'ani saukakke ne lafazi da ma'ana, da Larabci, ta hannun Mala'ika Jibrilu, shi ya sa fassararsa ake kiranta fassarar ma'ana. A aƙidar Kirista Kalman Allah na asali shi ne Almasihu, littafin kuma shaida ce gare shi da mutane suka rubuta Ruhu na ɗauke da su. Saboda haka idan Musulmi ya ga sunan Luka ko Bulus a kan littafi ya ce ai wannan rubutun mutane ne, bai faɗi abin da Augustine ko Aquinas za su musa ba. Idan kuma Kirista, don kada a raina littafinsa, ya ce shi ma saukar da shi aka yi harafi-harafi, ya ari bayanin da manyan majami'u suka gwada suka ajiye. Wannan fahimta ce ta sa aka iya fassara littafin zuwa Hausa, cikakkensa ya fito a 1932 bayan doguwar wahalar Dokta Walter Miller na Zariya da abokan aikinsa, kuma mai karanta shi a Wusasa ko Maraɗi bai ɗauka abin da ke hannunsa ya gaza na mai Helenanci a daraja ba. Mai karatu da ke da kwafi a kusa ya buɗe Matiyu 27:9. Augustine ya gani, Calvin ya gani, König ya karanta shi gaban bishop sama da dubu biyu, kuma sunan Irmiya na nan inda yake.